Sunan da Inna Ta Kasa Faɗa a Gangara

Mu dai ba mu taɓa ɗaukar kanmu baƙi a Gangara ba. A can aka yanke wa Inna cibi, aure ne kawai ya kai ta arewa, wani ƙauye a gefen Tibiri. Tsagen da ke fuskarmu shi ne a fuskar mutanen Gangara, dukanmu Gobirawa ne. Sai dai tun kafin a haife ni Turawa sun kafa turakun ƙarfe a daji, suka ce daga nan zuwa arewa na Faransa ne, daga nan zuwa kudu na Ingila. Turken da muke wucewa in za mu gaida Kawu, wan Inna, a tsakiyar gonar wani yake, har akuya ake ɗaurewa a jikinsa.

Shekarar da babban yaƙin Turawa ya yi tsanani ne Baba ya rasu. Inna ba ta daɗe da fita takaba ba sai ga 'yan sandan kumanda, Baturen Faransa mai mulkin yankinmu, suna bin gida-gida suna rubuta samarin da za a ɗiba aikin hanya na tilas. Ni suka dube ni suka ce ban gama ƙosawa ba. Yaya kuwa, wana, da ya ba ni shekara huɗu, suka rubuta shi. Mun ga waɗanda aka ɗiba a bara, mun ga yadda 'yan kaɗan ɗin da suka dawo suka dawo. Ba mu jira ranar da aka sa ba. Kawu bafatake ne, yana kai kanwa da gishiri kudu da jakuna. Ran kasuwa muka saje cikin ayarinsa mu uku, da rana tsaka muka wuce turken nan, ba wanda ya ce mana kanzil.

A da, zama ɗan gari ba wuya. Mai masaukinka ya kai ka wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai ka wurin dagaci, a nuna maka fili ka yi shinge, a yanka maka gona, magana ta ƙare. Wannan shekara abin ya sake. Turawan biyu sun ɓata, na Ingila suna tsoron 'yan leƙen asiri, sai aka yi shela cewa duk wanda ya ƙetaro daga ƙasar Faransa a gabatar da shi ranar da Bature zai zo rangadi. Macen da aka haifa a nan, mijinta ya mutu, tana da ikon komowa gidan ubanta da 'ya'yan cikinta. Za a rubuta su a littafi ƙarƙashin gidan ɗan'uwanta, a ba kowane namiji 'yar takarda mai hatimi. Ƙaton da ba shi da wannan hanya kuwa, a mai da shi inda ya fito.

Kawu ya ji shelar ya yi dariya. Ya ce ai dokar kamar don mu aka yi ta. Shi zai tsaya ya yi bayani a matsayin maigida, Inna ta zauna daga baya kamar yadda mata ke yi, a rubuta mu, mu koma yankan gero.

A nan sai na faɗi abin da kowa a wajenmu ya sani. Yaya ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Baba aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kan Inna, ta ɗan fari da ta suruki. Tun da aka yaye shi kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma har ta rasu. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Sai dai ta ce, "A ce ma wancan tuwo ya sauka." In ya shigo tsakar gida ta sami abin yi a ɗaki. In baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga kaina take fara lissafi. Amma kowa ya san ƙwaryar furar da ta fi nono tasa ce. Saboda shi ma ta bar ɗakin aurenta da rumbunta ta ƙetaro.

Ranar rangadi aka kafa tebur a gindin tsamiyar ƙofar dagaci. Bature na zaune, malamin rubutu na gefensa da littafi, tafinta na tsaye. Tafintan mutumin kurmi ne, Hausar bariki yake yi. Dattawan gari duka sun hallara, har da waɗanda suka yi zamani da mahaifin Inna. Abin da ba mu sani ba, jiya a Unguwar Lalle an kama wani ya jero samari biyar ya ce 'ya'yan ƙanwarsa ne, alhali matar ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Saboda haka Bature ya zo a fusace. Kawu ya buɗe baki ke nan tafinta ya tare shi, ya ce uwar ce za ta yi magana da bakinta.

Aka matso da Inna gaban tebur, ta durƙusa. Aka nuna ni.

"Wannan ɗanki ne?"

"Ɗana na," in ji ta.

Aka tambayi sunana, ta faɗa. Malami ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙo mini takarda. Ba ta kai tafin hannu ba.

Sai aka nuna Yaya.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Wasu daga cikin dattawa suka yi murmushi, har na ji wata tsohuwa daga bayan shinge tana 'yar dariya. Abin gwanin ban sha'awa ne a wurinsu. Kawu ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗan hwari na. Kunya ta, ba ta iya hwaɗi. Kowa wurin ga ya san ɗanta na."

Tafinta ya ce, "Bature ya ce ba kai ya tambaya ba."

Aka sake tambayarta. Ta ƙara jan mayafin. Bature ya ce to, an yafe mata dogon zance, ta ɗaga kai ta dube shi ta faɗi sunansa kawai. Ba ta ɗago ba. Can ƙasa-ƙasa ta faɗi abin da duk macen kirki a ƙasarmu za ta faɗa a gaban manya.

"Na kakatai na."

Wato na kakarsa ne. Tafinta ya juya maganar da Turanci yadda ta zo masa, Bature ya kaɗa hannu, dogarai biyu suka matso.

Har gobe ina jin haushin malamin nan. Bahaushe ne, ya san abin da ake nufi sarai, da ya yi magana ɗaya da Bature ya saurara. Ya sunkuyar da kai yana goge bakin alƙalami. Ina jin haushin dagaci da dattawan da suka ga abin ya wuce wasa suka yi gum. Kuma ina jin haushin kaina fiye da kowa, domin ina tsaye da takardata a hannu, baki gare ni, na tsaya jiran manya su gyara. Da na yunƙura zan kama Inna in girgiza ta, Yaya ne ya riƙe ni. Ya ce, "Bar ta. Kak ka matsa mata gaban mutane. Kwana biyu za ni yi in dawo." Ya bi dogaran da ƙafarsa, ko waiwayen inda take bai yi ba, shi ma kunyar ce.

Da muka koma gida mata suka cika tsakar gida suna yaba Inna. Wai ta nuna ita 'yar asali ce, ko a gaban Nasara ba ta zubar da mutunci ba. Ita kanta Inna ba ta gane girman abin ba. A zatonta, da zaton kowa, Kawu zai kai goro wurin dagaci da yamma a sako Yaya. Ta dama fura ta rufe ta ajiye masa.

Dagaci ya karɓi goro ya ce abin ya fi ƙarfinsa, an wuce da Yaya da sauran waɗanda aka kama Sabon Birni. Washegari Kawu ya tafi can. Fadawan hakimi suka ce littafi yana hannun Bature, Bature kuwa ya wuce Isa, ba mai iya ƙara suna sai shi. Kawu ya kwana biyu yana zarya tsakanin wannan zaure da wancan, ya dawo da ƙafa a kumbure. Yana cikin ba da labari a tsakar gida Inna ta tashi ta ɗaura zane, ta ce mini, "Tashi ka kai ni Isa."

Jakunan Kawu suna hannun abokan fataucinsa, don haka a ƙafa muka tafi. Muka bi ta Turba, wata mata ta ba mu ruwa da ɗanyar gyaɗa. Kwana biyu muka yi a hanya, Inna ba ta ce mini komai ba ban da in rage sauri. Sau da yawa na ga leɓenta yana motsi, na ɗauka tasbihi take yi. Daga baya na gane koyon faɗin sunan take yi.

A Isa muka zauna a bakin barikin da Bature ya sauka, daga hantsi har la'asar, dogari ya hana mu matsawa. Washegari ma haka. Sai da rana ta karkata Bature ya fito zai hau doki, tafinta da malami na biye da shi. Inna ta miƙe tsaye, ta yaye mayafin daga kanta, ta kira sunan Yaya da ƙarfi. Ta sake kira, ta haɗa da sunan Baba. Ta ce, "Ɗana na. Ni na haihe shi, ran Laraba, cikin damana, ɗakin uwata a Gangara. Ku rubuta."

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Sunan ya fito daga bakinta a karkace, kamar mai tauna tsakuwa a cikin tuwo. Mutanen da ke wurin suka juyo suna kallonta.

Bature ya tsaya, ya tambaya, aka gaya masa. Ya yi 'yar magana ya hau dokinsa. Tafinta ya ce shekaranjiya aka raka mutanen har iyaka aka damƙa su ga 'yan sandan kumanda, aikin gama ya gama. Malamin ne ya tsaya a baya, wai zai taimake mu. Ya ce har yanzu akwai hanya. In Yaya ya dawo da kansa, ɗauke da takardar izinin fita daga hukumar Faransa, uwar ta tsaya ta shaida, za a rubuta shi ba gardama. Na ce masa, "Malam, wanda yag gudu ma mutane, su za su ba shi takardar hita?" Ya ce shi dai doka ya faɗa mini.

Ba mu sake ganin Yaya ba. Kawu bai bar kasuwar da bai yi cigiya ba. Wani ya ce ya gan shi yana fasa dutse wajen Madawa. Wani ya ce masu laifin gudu ba aikin hanya ake kai su ba, a mota ake zuba su a yi arewa da su. Da yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo, muka bi su ɗaya-ɗaya, ba wanda ya san shi. Ni da kaina na ƙetara har ƙauyenmu sau uku. Takardar nan tana aljihuna, ina nunawa a ce in wuce, in dawo a ce in wuce. Na yi noma a Gangara, na yi aure, na haifi 'ya'ya, ba wanda ya taɓa ce mini baƙo. Ban ji daɗin ko ɗaya yadda ya kamata ba.

Da shekara ta zagayo aka zo ƙidayar gidaje, malami ya zauna a zauren Kawu yana tambayar mazan gida. Sai ga Inna ta fito har zaure, inda mata ba sa zuwa. Ta ce, "Ɗiyana maza biyu na." Ta fara da sunan Yaya, ta bi da nawa. Malamin ya ce ina yake. Ta ce, "Shina tahe." Ya ce wanda ba ya nan ba a rubuta shi.

Haka ta riƙa yi kowace shekara. Matan da suka cika mana gida da yabo su ne suka koma cewa ta zubar da kunya, tsohuwa da ita tana kiran sunan ɗan fari a zaure, sunan suruki kuma. Wasu suka ce ta taɓu. Na yi faɗa da mutane a kan wannan har na gaji. Ita kuwa ko a jikinta. Ba ta taɓa yi mini zancen ranar tsamiya ba, ni ma ban taɓa yi mata ba, ko da yake akwai shekarun da na kasa haɗa ido da ita, kuma ta sani.

Shekarar da za ta rasu ƙafa ta ƙi, ba ta iya fita. Ta ji muryar mai ƙidaya a zaure ta kira ni, ta ce, "Tahi ka hwaɗa mai. Kak ka mance, shi na babba, da shi za ka hwarawa." Na fita. Malamin sabo ne, ba a haife shi ba lokacin da abin ya faru. Na faɗi sunan Yaya. Ya bi littafi da yatsa sama da ƙasa, ya ce babu mai wannan suna a gidan nan, wane ne? Na ce wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce to, in ya zo in kawo shi. Ya rufe littafin ya tambayi hanyar gida na gaba.

Na koma ciki, Inna ta ce, "An rubuta?" Na ce mata an rubuta.