Kamiyon da ba ya tashi sai an tura

Ko da na manta komai a duniya, ba zan manta ranar da mahaifiyata ta sa kamiyon gyaɗa, wato babbar motar kaya, ya ba da shaida a kan mai shi ba. A Tasawa ne, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, lokacin da kaka in ta yi gari ke cika da buhunan gyaɗa da ƙurar motoci.

Ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, a lokacin. Wata safiya babana ya aike ni a kekensa, ina tuƙawa ta ƙarƙashin sanda don ƙafata ba ta kaiwa daga sirdi. A gangaren da ke bi ta ƙofar gidanmu, wani abu ya kwashe ni ta baya. Ban ji ƙarar inji ba, ban ji ham ba. Na farfaɗo ne na ga ƙafata ta dama ta juya inda Allah bai yi ta ba.

Kamiyon na wani babban mai sayen gyaɗa ne, kuma kowa a unguwa ya san halinsa: batirinsa ya daɗe da mutuwa. Kullum a kan tudu ake kwana da shi, da safe 'yan dako su tura, ya gangaro shiru sai ya kai ƙasa injin ya kama. Amma direban ya rantse wa jandarmomi cewa injinsa na aiki, ya yi ta danna ham, ni ne na faɗo gabansa. 'Yan dakon kuwa suka ce ba su ma wurin. Ban ga laifinsu sosai ba yanzu, a hannun mai motar suke ci.

Mai ɗori ya duba ƙafar ya girgiza kai, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai likitan Maradi, kuma kada a daɗe. In laifina ne, babu mai biyan kuɗin kai ni. Dattawa suka cika zaurenmu suna cewa ƙaddara ce, a yafe. Babana ma ya yi sanyi, don a wurin mai motar yake sayar da gyaɗarsa.

Daga cikin gida mahaifiyata ta ɗaga murya: "Malam, ƙaddara ba ta hana a tambayi wanda ya tura ta. Ƙahwar ɗana ce hwa!"

Washegari ta yafa mayafi ta tafi ofishin jandarmomi, inda aka ja kamiyon aka ajiye a fili. Kawuna ya bi ta da ni a amalanke, rabin unguwa na biye da mu. Matar da ko kasuwa ba ta cika zuwa ba ta tsaya gaban kumandan jandarmomin.

"Ranka shi daɗe," ta ce, "ni ban san mota ba. Amma tunda direba ya ce ya yi ham, shi yi mana shi nan mu ji."

Kumanda ya yi wa direban nuni. Ya hau, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa da hannu biyu, har da cije leɓe. Wani daga baya ya ce, "Wataƙila azumi take!" Wuri ya ɗauki dariya.

"To, tada injin," in ji kumanda.

Direban ya murɗa, ya murɗa, zufa na zuba. Can ya manta inda yake, ya leƙo ta taga ya daka tsawar da ya saba kowace safiya: "Kai, ku tura mana!"

Wallahi kafin kowa ya yi tunani, 'yan dakon nan sun fito daga cikin taro, kowa ya kama wurin da ya saba, har babbansu ya tuɓe takalmi. Sai da suka kafa kafaɗu suka lura kumanda na kallonsu. Babban ya miƙe a hankali ya ce, "Gaskiya ɗaya ce, ranka shi daɗe. Haka munka tura ta jiya."

Mata suka rangaɗa guɗa. Ni da ke kwance cikin azaba sai ga ni ina dariya da hawaye. Kumanda ya ce wanda ya saki mota a kan hanyar jama'a, ba inji ba ham, shi ke da alhakin abin da ta taka, kuma mai ita ba zai zame ba tunda ya san halinta. A ranar aka nemo ƙaramar mota ta kai ni Maradi, mai gyaɗa ya ɗauki jinyata har na warke, ya kuma gyara keken. Direban ma ya zo dubiya, mahaifiyata ta ce masa yanzu ta yafe.

Abin da na koya shi ne yafiya ba ta da daɗi sai gaskiya ta riga ta fitowa. Har yau ina ɗan ɗingishi in sanyi ya shigo, amma da ƙafafuna biyu na raka mahaifiyata makwancinta.