Man Injin Niƙa a Tankin Babur

Fita daga gida

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Laraba na tura babur daga ƙauyenmu da ke yankin Gayam, zan je Birnin Gwari sayo fetur. Injin niƙan maiɗakina Hajara ya kwana tara a tsaye, kuma da shi ake cefanen gidanmu. 'Yan bumburutun ƙauye dubu ɗaya da ɗari shida suke sayar da kwalba. In ta saya a haka dole ta ƙara kuɗin niƙa, in ta ƙara mata su koma turmi. An hana ɗaukar mai a jarka saboda 'yan bindiga, shi ya sa muke cika tankin babur a gari, mu zo gida mu zuƙe da tiyo.

Maƙwabcina Ɗanladi, mutumin Gbagyi, zai je sayen taki, sai muka haɗa kuɗin man tafiya na goya shi.

Shinge da gidan mai

Bakwai da minti goma muka isa shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya ƙwanƙwasa tankin, ya ce, "Baba, sau nawa ka sha mai makon nan?" Na ce rabona da gari wata guda. Ya daɗe yana kallona kafin ya ɗaga sandar shingen.

A gidan mai mun yi awa uku a layi, muka karya da koko da ƙosai. Ni da kaina na karanta lambar famfon, dubu ɗaya da hamsin kowace lita. Lita goma na sha, mai ya taɓa bakin tanki.

Cikin daji

Sha ɗaya da minti arba'in muka juyo. Duk gangara sai in kashe babur ya gangara da kansa, don abin da ya ƙone a hanya daga rabon injin ya fita. Ɗanladi ya ce da rowa tana tuƙa babur, da na kai Kaduna kyauta.

Muna cikin gangara ta huɗu, babur a kashe, Ɗanladi ya danƙe kafaɗata. Ƙarar babura ce daga gabas, masu yawa. Muka ja namu cikin dogayen ciyayi muka kwantar da shi, mu ma muka kwanta. Sai na ji wari. Murfin tankin ba ya rufuwa sosai, mai yana zuba a ƙasa. Na kai hannu zan ɗaga babur ya tsaya, Ɗanladi ya riƙe ni.

"Malam Isa, bar shi ya zuba," in ji shi a kunnena.

Na cusa hulata a bakin murfin, ta jiƙe sharkaf. Babura bakwai na ƙirga, kowanne da mutum uku da bindigogi. Na ƙarshe ya rage gudu daidai inda muke, ban sani ba ko warin ya ji, sannan ya bi 'yan'uwansa. Bayan shiru ya dawo, turawa muka yi ta yi har minti arba'in, ba mu yarda mun kunna babur ba.

Isowa

Uku saura kwata muka shiga gida. Da na zuƙe, lita shida da rabi suka fito. Hajara ta karɓi hular ta shinshina, ta sa Ɗanladi ya ba ta labarin, domin ta ce ni zan rage wani abu. Ta ɗura mai, injin ya tashi, mata suka fara shigowa da kwanuka. Sai ta juyo ta ce, "Malam, ran da wannan man ya ƙare, dillali za ka nemo wa injin. Turmi bai taɓa aiken kowa daji ba."

Ban yi musu ba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu, na kuma gode wa Ɗanladi da ya riƙe mini hannu.