Littattafan Gudun Miƙa Sanda da Na Bari a Baranda

Maƙwabcina a unguwar Chow Kit, can ƙasar waje inda muke karatu, mutumin Filato ne, malamin motsa jiki da ya zo yin digiri na uku kamar ni. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, don haka Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena. Shi kaɗai yake zaune a hawa na tara, ni da matata da 'ya'yanmu biyu muna hawa na bakwai. Ran Lahadi idan ya dawo daga coci yakan biyo ta wajenmu, mu sauka shagon mamak, wato shagon shayi da abinci da ke ƙasan bene, mu sha shayi.

A nan ya fara nuna mini littattafan mahaifinsa. Tsohon hedimasta ne a wani ƙauye, kuma ba abin da yake so a duniya kamar gudun miƙa sanda na maza, wanda mutum huɗu suke yi, kowa ya ruga mita ɗari ya miƙa wa na gabansa. Duk babbar gasar duniya da aka yi, sai ya kasa kunne a rediyo ya rubuta ƙasar da ta ci, da jerin masu gudun, da waɗanda aka kora don sun miƙa sanda a wajen iyaka. Idan bayan shekaru aka ƙwace lambar wata ƙasa saboda ɗayansu ya sha ƙwaya, sai ya koma baya ya soke da jan biro. A gefen shafi kuma yana sa ra'ayinsa da Hausa. Na tuna ɗaya: "Na uku ya waiwaya. Mai karɓa ba ya waiwaye." Littafi goma sha ɗaya ne. Da tsohon ya rasu Malam ya ci gaba da cike na ƙarshen, kuma a kansu ya gina bincikensa.

Malam ya tafi gida bikin 'yarsa da niyyar yin mako biyu, sai annoba ta sa aka rufe iyakoki. Da abin ya yi tsawo, mai gidan ya nemi ɗakinsa. Malam ya kira ni ya ce in raba kayan ga duk mai so, kwali ɗaya kawai zan ajiye masa.

"Ka san abin da ke ciki, ƙanena."

"Na sani, Malam. Ka ɗauka yana hannunka."

Wata uku kwalin yana bayan ƙofar falo. Gidan ƙarami ne, ga mu huɗu a kulle, yara suna karatu ta waya, ni ina fama da nawa rubutun da ya ƙi tafiya. Wata rana na yi tuntuɓe da shi ina ɗauke da kofin shayi. Cikin fushi na kinkime shi na kai baranda, inda muke shanya.

Matata ta ce, "Baban yara, ruwa fa yana shigowa nan."

Na ce zan rufe shi da leda, na kuwa rufe. Ban sake taɓa shi ba. A garin nan ruwa yakan sauko bayan la'asar da iska mai ƙarfi, kuma ban san ranar da ledar ta tashi ba. Kullum ina ganin kwalin ta gilashi, ina ganin yadda yake lotsawa, ina cewa gobe.

Wari ne ya sa na buɗe. Gindin kwalin ya narke. Littattafan ƙasa sun manne sun zama dunƙule ɗaya, baƙi da kore, tawada ta bi ruwa. Na zauna a ƙasa ina ɓare shafi yana biyo yatsana kamar jiƙaƙƙen burodi. Uku na sama ne kawai suka buɗu. Matata ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta ɗauko dutsen guga da tsohon ɗankwali, muka bi su shafi shafi. Sauran takwas na zuba a baƙar leda na kai ɗakin shara da hannuna.

Ban gaya masa ba. Duk ƙarshen wata yakan kira, ya tambayi yara, ya tambayi ko kasuwar Chow Kit ta buɗe, daga ƙarshe ya ce, "Amanata tana nan?" In ce tana nan. Na faɗi haka ya fi sau goma, wani lokaci ma yanzu na idar da salla.

Sai aka yi gasar Olamfik ɗin da aka ɗage saboda annoba, wadda aka yi ba 'yan kallo. Washegarin gudun maza ya kira ni da yamma, muryarsa wasai.

"Ɗauko littafi na ƙarshe, mai shuɗin bango. Akwai farin shafi a baya. Zan faɗa maka ka rubuta, kada a samu giɓi."

Mai shuɗin bangon yana cikin waɗanda na zubar. Na ce to, na ɗauko takardar aikin gidan 'yata, ya yi ta faɗa ina rubutawa a bayanta. Har na karanta masa ya gyara mini harafi ɗaya. Da muka gama matata tana tsaye a ƙofar kicin. Ta ce, "Ka kira shi, ko ni in kira matarsa."

Kwana biyu na yi kafin na kira. Na faɗa masa komai, har tuntuɓen, har ledar shara. Ina jin kukan zakara ta can wajensa, sai ya tambaye ni.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara, Malam."

"Kuma shekaranjiya a kan me ka rubuta?"

Na gaya masa. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tambayi waɗanda suka saura, na ce na biyu da na biyar da na shida. Ya ce in buɗe na biyar in karanta abin da ido ke iya gani.

Na fara. Inda ruwa ya cinye kalma sai in tsaya, shi kuma ya cike da ka, in rubuta da fensir a sama. Mun yi shafi huɗu a haka. A na biyar, rubutun tsohon na gefe ya wanke, saura "da a ce na biyu ya". Na karanta na jira.

"Wannan ban tuna ba," in ji shi. "Wuce."

Malam bai dawo ba, daga gida ya kare bincikensa ta na'ura. Da aka buɗe hanya na ba wata ɗaliba mai komawa Jos littattafan uku. Ya aiko saƙo cewa sun iso, ya gode. Har yau yana kirana duk Salla, ina kiransa duk Kirsimeti, muna hirar yara da tsadar shinkafa. Na sha shirya yadda zan sake ba shi haƙuri, amma da na ɗauko zancen sai ya tambaye ni lafiyar maman yara.