Ranar da Kifi Ya Kalli Meifen

A ƙauyensu Luan Meifen, can Shandong ta ƙasar Sin, mace ba ta zama a teburi idan an yi baƙi. Ita za ta dafa, ita za ta kai, sannan ta koma kicin ta ci ragowa a tsaye. A al'adarsu kuma, wanda aka juya wa kan kifi shi ne babba a teburin. Tun tana 'yar shekara goma Meifen take soya kifi yana kallon wasu. Abin yana ci mata rai, kuma ba ta iya ɓoyewa ba.

Ranar da ta ce birnin Shenzhen za ta tafi, yayanta Dahai ya yi dariya har da buga cinya.

"Ke? Wa kika sani can? Wata guda za ki dawo kina sharar hawaye."

"To ka ajiye mini ragowa, Yaya."

Babansu ya kau da kai.

Shekara huɗu ta yi tana harhaɗa rediyo a masana'anta, sannan ta kama wani ɗan shago ta fara sayar da abinci. Shenzhen ba ta tambayar 'yar gidan waye ke. Kowa baƙo ne, kowa da yunwarsa. Teburi uku suka zama talatin.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya baban nasu ya yarda ya zo, tare da Dahai. Meifen ta dafa kifin da hannunta, ta kuma ƙudura a ranta: yau za ta zauna, ko da zai tashi ya fita. Tsoro dai tana ji, don tana son tsohon nan.

Ta ajiye farantin, kan kifi na kallon babanta. Sai ga ƙafafunta sun nufi kicin da kansu, sabo ke nan! Ta yi taku biyu, ta tsaya, ta dawo ta ja kujera ta zauna.

Dahai ya yi gyaran murya. "Meifen, ba ki bar wani abu a wuta ba?"

"Kuku shida gare ni, Yaya. In taya su za ka yi, ga ƙofa can."

Tsohon ya dubi ɗakin. Mata ne zaune ko'ina, suna ci suna shewa. Ya dubi hannayen 'yarsa, duk tabon mai. Meifen ta sadaƙar tashi zai yi.

Sai ya miƙa hannu ya juya farantin a hankali, har kifin ya fuskance ta.

"Baba!" in ji Dahai.

"Rufe mana baki. Shekara nawa ina cin kan kifi, ban taɓa soya ko ɗaya ba." Ya dube ta. "Ci, 'yata, kada ya huce."

Ta ɗauki tsinken cin abinci, murna ta cika ta. Ranar ta fara sanin ɗanɗanon kifinta da zafinsa.