A-kori-kurar Yaya Asabe

Duk wanda ya ci tuwon Yaya Asabe a bakin kamfanin fata na Challawa ya san ba ta sayen abu sai ta ɗora shi a harshe. Manja, gishiri, daddawa, kanwa, sai ta lakata da ɗan yatsa ta lasa, ta lumshe ido, mai kaya yana tsaye kamar mai jiran hukuncin alƙali. In ta ce a auna, ka tsira. In ta tofar kuwa ka shiga uku, don ba wucewa take yi ba, tsayawa take ta yi maka bayanin abin da ka cuɗa a ciki da irin tarbiyyar da ba a yi maka ba a gida. Wani mai manja a kasuwar Sharada ya taɓa rantse mata cewa manjansa daga Kudu ya zo, ko murfin ba a taɓa ba. Ta lasa, ta ce lallai daga Kudu ya taso, amma ya yada zango a rumfar mahauta, don rabinsa kitsen saniya ne. Mutumin bai ƙara kafa tebur a layin da take bi ba.

Ni ne ƙanenta Ado, autan ɗakinmu. A farkon shekarun tamanin ina aikin yamma a wata masaƙa a Sharada, da matata da 'ya'ya uku, amma a bakin Yaya ban wuce Auta ba. Abu guda ta saya a rayuwarta ba ta ɗanɗana ba, shi ne mota, kuma ni na ja mata.

A gida take girki, nan cikin Sharada, sannan ta yi hayar mota ta kai tukwanen Challawa kafin jiniyar sha biyu. Rabin awa ake ba ma'aikata su ci abinci. In ka makara, ka makara ke nan, ba mai jiran ka. Direbobin haya suka ishe ta da saɓa alkawari, yau taya ta yi faci, gobe an yi musu haihuwa. Tana da ɗan abin da ta daɗe tana tarawa don kujerar Makka, sai ta yanke shawarar ta sayi mota da shi, motar ta kawo kujerar daga baya. Ni zan riƙa tuƙa ta da safe kafin in tafi aiki.

Na kai ta wurin wani dillali, Alhaji Ɗanlami, mai filin sayar da motoci tsakanin Bompai da Dakata. Mutum ne mai farar shadda da dogon carbi, ƙamshin turarensa yana riga shi isowa. Ya nuna mana wata a-kori-kura shuɗiya, fenti sai ƙyalli, ya ce ta wani tsohon manajan kamfanin alewa ce, ba abin da yake ɗauka da ita sai furannin lambunsa. Yaya ta ce in duba. Na kewaya ta sau biyu, na shuri tayoyi, na buɗe gaba na leƙa kamar na san abin da nake nema, na tayar na taka mai. Sauti luf-luf. Na ce mata lafiya ƙalau take. Ta dube ni, ta dubi motar, ta kwance bakin zani.

Kwana tara muka yi muna jin daɗi. Rana ta goma, muna kan hanyar Panshekara da tuwon mutum fiye da ɗari, giya ta yi wani kuka kamar an taka wutsiyar kare, motar ta yi tsalle ta tsaya cak. Sai muka ji rugum daga baya. Ƙasan bodin ne ya burma, babbar tukunyar miya ta zurma ta kife a kan kwalta. Da na leƙa ramin, ashe duk tsatsa ta cinye ƙarfen, kwali aka shimfiɗa aka shafe da kwalta aka bi da fenti. Muna tsaye a gefen titi, miyar kuka tana gangarawa kwata, muka jiyo jiniya daga nesa. Ranar nan, da rogo da ƙuli-ƙuli mutanen Yaya suka koma bakin aiki. Washegari kuma wata mata ta kafa teburinta a gindin bishiyar da Yaya ta shekara goma sha ɗaya tana zama.



Muka jawo bakanike ya kwance giyabos, wato akwatin da giyoyin ke ciki. Man da ya zubo kauri gare shi kamar kunun tsamiya. Kafin mu ankara Yaya ta tsoma yatsa ta kai baki. Ta lumshe ido, ta tofar, ta ce garin katako ne, da ɗan dusa a ciki. Bakaniken ya riƙe baki, ya ce haka ne, dabarar mugayen dillalai ce, ana cusa wa matacciyar giya ta yi shiru na mako guda ko biyu, daidai lokacin da mai saye zai yi nisa. Yaya ta juyo ta dube ni. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage nin da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ta daina yi mini magana. In tana son wani abu sai ta ce da wanda ke kusa, ko da yaron goye ne, a gaya wa babban injiniya ya ɗauko mata muciya.

Muka ɗebi man a gwangwani, da guntun kwalin, muka tafi Bompai. Alhaji Ɗanlami yana kishingiɗe a kan darduma, ko tashi bai yi ba. Ya ce ciniki ya riga ya faɗa, an yi sallama gaban shaidu. Ya ce direban ne bai iya ba, ya ƙone kuloci. Sannan ya ja carbi ya ce, “Hajiya, inji ai kamar ɗan'adam ne, yau lafiya gobe ciwo. Sai haƙuri.”

Yaya ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu.

“Kada ka ƙara ce mini Hajiya,” in ji ta. “Hajiyancin nawa ne ka cusa wa garin katako.”

Ya yi murmushi, ya ce saboda mutunci zai iya samo mata wata giyabos ɗin ya sayar mata da rangwame. Ku ji fa. Ya sayar mata da gawa, yanzu kuma zai sayar mata da likkafani. Da ta ɗaga murya sai ya sa masu wankin motarsa suka raka mu bakin titi. Ni zuciyata ta ce in koma in shaƙe shi da carbin nasa. Yaya kuwa ta tsaya tana ƙare wa bakin filin kallo, tana auna wani abu da ido.

Washegari da sassafe ta sa wata babbar mota ta jawo a-kori-kurar har ƙofar filin Alhaji Ɗanlami. Ba a cikin filin aka ajiye ta ba, a gefen titi, taku uku daga inda iyakarsa ta ƙare. Ta sauke duwatsun murhu, ta sauke ɗanyen itace, da gangan ɗanye, ta hura wuta ta ɗora tukunya. Bodin motar ya zama kantar jera kwanuka. Iska kuwa kamar da ita aka haɗa baki, hayaƙin nan kaf sai kan motocin da aka wanke aka goge.

Kafin azahar ma'aikatan Bompai sun ji ƙamshi sun yi layi. Amma ba su take jira ba. Da ta hango mai babbar riga ya sauko daga tasi yana nufin filin, sai ta tare shi da kwanon shinkafa da wake, kyauta, ta ce ya zauna ya huta. Yana ci tana nuna masa ramin bodin, ta miƙa masa kwalin ya taɓa, ta buɗe gwangwanin ya shinshina. Ba ta cewa kada ya saya. Cewa take in zai saya ya fara tambaya ko ita ma wannan furanni take ɗauka. Mutum ya gama ci, ya wanke hannu, ya yi godiya, ya tare wata tasin.

Rana ta uku Alhaji ya kira 'yan sanda. Biyu suka zo, suka auna da ƙafa, suka ce matar nan a kan hanyar gwamnati take, kuma ba ta zagi kowa ba. Suka ci kwano bibbiyu suka tafi. Rana ta biyar ya aiko a ce mata zai gyara bodin. Ta ce a ce masa tana da kanta mai kyau, ba ta buƙatar gyara. Da aka cika kwana takwas sauran dillalan layin suka fara kuka, don masu saye sun daina rarrabewa, duk layin suke gudu. Dole sarkin dillalai, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya kira zama, ya gayyato limamin masallacin unguwar.

Liman ya ce hukuncin a fili yake: wanda ya ɓoye aibin kaya ya sayar, mai saye yana da ikon mayarwa. Alhaji Ɗanlami ya ce shi bai ɓoye komai ba, kwalin daga wurin mai furanni yake, giya kuwa ƙalau take, a bar bakanikensa ya ɗan ɗaure kuloci a gani. Yaya ta ce ta yarda a ɗaure. Amma gobe shi da kansa zai tuƙa motar daga nan zuwa Challawa, da tukunyar miya a kujerar gaba tunda baya ba ƙasa. In ya isa kafin jiniya, ta riƙe motarta, ta durƙusa gaban jama'a ta nemi gafararsa. In bai isa ba, ya riƙe abarsa, ya mayar mata da kuɗinta. Idon mutane ya yi masa yawa, ya ce ya amince.

Na tabbata wani buhun garin katakon aka ƙara mata, don da safe ta tashi lafiya. Ni aka sa in zauna a gefe in danne murfin tukunya, tukunyar tana tsakaninmu. Sarkin dillalai ya biyo mu a motarsa da Liman da Yaya. Muka bar Bompai, muka ratsa Nassarawa, Alhaji har yana ɗan waƙe-waƙe yana tambayata ko na ga yadda ake sa giya. Na ƙara danne murfin. Muna hawa kan hanyar jirgin ƙasa ta wajen Sharada giyar ta yi kukan nan da na sani. Motar ta yi tsalle. Ni dai ban ce na saki murfin da gangan ba, kuma ban ce ban saka ba. Miyar kuka mai yauƙi ta tashi ta wanke shi tun daga hula har cinya.

Mai tsaron hanyar jirgi ya fito da jar tuta yana faɗa a kawar da ita. Haka Alhaji Ɗanlami ya tattare farar shaddar da ta koma kore, ya kafa kafaɗa, muka tura, takalminsa yana santsi. Yaya ta sauko a hankali, ta tako har gabansa, ta duba gemunsa da ke ɗiga.

“Tunda ta kai nan, Alhaji, lasa ka gaya wa Liman,” in ji ta. “Akwai garin katako a tawa?”

Liman ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

A ranar, gaban sarkin dillalai, ya mayar mata da kuɗinta cif, aka sa ya biya tukunyar miya biyu, ya aika aka janye gawar motarsa daga Sharada. Gindin bishiyarta kuwa sai da ta yi wata huɗu tana zaune a rana kusa da waccan matar kafin masu cin tuwonta su gama dawowa. Mota ba ta ƙara saye ba, ta koma haya da faɗa da direbobi. Bayan shekara biyu ta sauke farali. Ni kuma maganar farko da ta yi mini ita ce in matsa, na tare mata iska.

To ga abin da da yawanku ba ku sani ba. Da aka shiga shekarun matsi, kamfanoni suka fara rage ma'aikata, kasuwar mota ta mutu. Filin Alhaji Ɗanlami ya zama wurin ajiye tirela, shi kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, da ƙananan yara cike da gida. Ranar da labarin ya iso, Yaya ta ce Allah ba azzalumin kowa ba ne, ta ci gaba da tuƙa tuwo. Da Juma'a ta zagayo ta kira ni, ta ɗaura mini babban kwano a bayan babur ta ce in kai Dakata, gidan Alhaji Ɗanlami. Tana zuba miya tana cewa macucin nan ko gishiri bai cancanta ba, tana faɗa tana tsamo tsokoki tana ƙarawa. Na ce Yaya, mutumin da ya yi mana abin da ya yi? Ta ce fushinta da shi ne, ba da cikin 'ya'yansa ba, kuma in na kuskura na faɗi daga inda kwanon ya fito sai ta karya mini muciya a ka. Kowace Juma'a haka, har ya rasu. Ban faɗa ba sai yau, da ba ta nan balle ta cika alkawarin.

Allah ya jiƙan Yaya Asabe. Yadda ta ciyar da masu yunwa, da wanda ta so da wanda ba ta so, Allah ya ciyar da ita daga abincin Aljanna, ya sanyaya makwancinta, ya yafe mata zafin harshenta. Shi ma Alhaji Ɗanlami Allah ya gafarta masa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.