Zaren da Ke Jiran Shamuwa

Duk inda Dobri ya tsaya, ƙafarsa ta dama ba ta tsayawa. A layin burodi, a bakin coci, har a wajen jana'iza, sai ka ga yana ɗan tura ta gaba yana dawo da ita, a hankali, kamar mai jijjiga wani abu da ba a gani. Yaran ƙauyenmu suna kwaikwayonsa. Manya ba sa dariya, don sun san shekarar da ƙafar ta koyi haka.

Makanikin tarakta ne a gonar haɗin gwiwa, dogo, marar yawan magana, hannunsa kullum da baƙin mai. Matarsa Nevena kuwa, tana budurwa daga rijiya ake jiyo dariyarta a dandali. Ta haihu cikin tsananin sanyi, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe hanyar birni. Aka sami mace, aka sa mata Milka.

Mahaifiyar Dobri, Inna Donka, ta riƙe jegon yadda aka riƙe nata. Aka toshe tagogi da tsumma, aka cika murhu da itace, ba mai jego a waje, ba jaririya, ba baƙo, sai an yi arba'in. Arba'in ta cika, aka je coci aka dawo, aka buɗe ƙofa. Nevena ba ta ƙara fita ba.

Ba ciwo take yi ba. Tana shayarwa, tana wanki, tana amsa gaisuwa. Amma da ta kwantar da yarinyar sai ta zauna bakin gado ta zuba wa bango ido, miyar wake ta huce a gabanta. In Milka ta yi kuka takan ɗauke ta, amma kamar mai riƙon ajiyar wani.

"Gajiya ce," in ji Inna Donka. "Ni ma da na haife ka na daɗe ban yi dariya ba. Ga ni nan, ban mutu ba."

Dobri ya dubi uwarsa. Ya nemi ya tuna ranar da ya taɓa jin dariyarta, ya kasa. Abin da ya tsorata shi ke nan.

Da watan Maris ya kama, kowa ya ɗaura zarensa ja da fari a wuyan hannu kamar kowace shekara, ba a kwancewa sai an ga shamuwar farko, sannan a ɗaure shi a reshe. Inna Donka ta murɗa ɗan siriri ta ɗaura wa Milka. Ta ɗaura wa Nevena ma, ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Washegari Dobri ya aro tsohon keken jarirai a wurin maƙwabcinsa Stoycho, shuɗi, mai ƙafa ɗaya da ke ƙiiƙii. Ya shimfiɗa rigarsa ta fatar tunkiya a ciki.

"Ina za ka kai ta a iskar nan?" in ji Inna Donka.

"Neman shamuwa, Inna."

"Ita shamuwar ce ta ce maka ta manta hanyar garin?"

Ya tura kekensa ya fita. Kullum in ya tashi daga aiki haka yake yi. Su wuce injin niƙa, su bi bakin rafi inda ƙanƙara ke narkewa, taɓo na kama ƙafafun keken, hayaƙin rassan inabin da aka sassabe na bin su. A ɗaki Milka mai kuka ce. A waje sai ta yi tsit, ta buɗe ido tana bin rassa da kallo, ɗan hancinta ya yi ja. In ya tsaya gaisawa ba ya son taɓa bargonta da hannun mai, sai ya sa ƙafa yana jijjiga keken.

Tsofaffin bakin kanti ba su bar shi ba.

"Angon ƙarni! Nonon ya kawo kuwa?"

"Gobe da ɗankwali zai fito," in ji Stoycho.

"Kai da ka haifi huɗu," in ji Dobri, "wanne ka san nauyinsa?"

In ya koma gida sai ya ba Nevena labari. Yau ta ga jaki. Yau ta yi atishawa har kaza ta gudu. Nevena ta ce, "To."

Ran nan da yamma, a kan falwayar bayan injin niƙa, sai ga shamuwa tsaye cikin tsohuwar sheƙa, fara tas, tana gyara tsinke. Hannun Dobri har ya kai kan zaren Milka. Ya tsaya. Ya mayar da bargo ya juya gida.

"Nevena, akwai wani abu fari a kan falwayar can. Ban tabbata ba, ko shamuwa ce ko tsumma ne iska ta maƙala."

"Ka tambayi Stoycho."

"Stoycho da rana ta yi ya sha giyarsa, komai bibbiyu yake gani."

"Kai ba kai kake zura wa Inna zare a allura ba?"

"Walda ta ci idon. In na kwance wa yarinya zare a kan tsumma fa? Shekararta ta farko ce."

Ba ta tashi ba. Kwanaki suka wuce, bishiyoyin ƙauye suka cika da ja da fari, hannun kowa ya zama fayau, sai na gidan Dobri. Yana tura keke a ƙarƙashin falwaya, tsuntsuwa na kaɗa baki a kansa ƙwas-ƙwas, shi yana kallon ƙasa. Aka koma kiransa makaho. Stoycho har sanda ya miƙa masa. Kullum ya dawo ya ce, "Har yanzu ban tabbata ba."

Wata ranar Lahadi dai aka ga takalman Nevena a goge a bakin ƙofa, da rigar sanyinta rataye a kan kujera, Inna Donka kuma ta shige wajen kaji ta daɗe.

Nevena ta fito tana ƙifta ido. Ta dafa gefen keken, suka tafi. A kan falwaya shamuwa ta zama biyu.

"Wannan ne tsumman?"

"Shi ne. Me kika gani?"

"Tsumma mai jan baki, Dobri? Mai ƙafafu?"

"To, kin ji amfanin tambaya."

Dariyar ta fito da ƙyar, kamar famfon da ya daɗe a rufe, amma ta fito. Ta sunkuya ta kwance zaren Milka da haƙori, don ƙullin Inna Donka ba na wasa ba ne, ta haɗa da nata ta ɗaure a reshen tuffa. Sannan ta ɗaga yarinyar sama, ta manna kuncinta da nata. "Duba, 'yata. Ubanki bai gan su ba." Da za su koma, ita ta tura keken.

Milka ta girma ta koma birni, ita ma ta haifi mace, Bilyana. Stoycho bai taɓa neman kekensa ba, aka jefa shi saman rumbu. Gonar haɗin gwiwa ta watse, injin niƙa ya daina aiki. Shamuwa dai ba ta fasa zuwa ba.

Bana cikin sanyi Bilyana ta haihu a can birni, a saman bene. Aka ba Dobri waya ya yi mata barka. Ya tambayi jariri, ya tambayi jiki, ya ba ta labarin ƙauye. Ta ce, "To, Kaka." Ya daɗe riƙe da wayar bayan an kashe.

Da safe ya sa tsani ya sauko da keken. Ya kankare tsatsa, ya sake fenti, ya cire ƙafafun ya jiƙa a mai, yana mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Bai kai Maris ba. A kan bencin rumfarsa Nevena ta same shi zaune, rai ya yi halinsa, shayinsa ya huce.

Bayan an share makoki ta kira Milka. "Ki kawo min yarinyar nan da ɗanta kafin shamuwa ta zo. Idona ya yi rauni, ba zan tabbata ba."

Keken na nan a rumfa, a kife. Ƙafar nan mai ƙiiƙii tana cikin gwangwanin mai, inda ya bar ta.