Hannun Barau Runji

Faɗana na farko da Barau Runji mahauci a kan ƙuda ne. Ina dama masa fura a kasuwar Talata Mafara, ƙuda ya faɗa ƙwarya. Kafin in sa ludayi in cire, ya yi ƙwallo da ƙwaryar, nono ya wanke wa jakin wani fuska. Na zage shi tas, har kakar da ta yanke masa cibi. Shi kuwa ya tsaya yana kallon ƙafarsa kamar ta aro ce.

"Inno, wallahi ban aike ta ba."

Haka yake tun yana yaro. Barau ba mugu ba ne, don tsofaffi da yawa sun ci tsoka kyauta a teburinsa. Hannunsa ne kawai ke riga shi isa wuri. Ya sha rubutu har haƙoransa suka yi baƙi, an yi masa hayaƙi har gemu ya babbake. Aljanin bai fita ba, ina jin dama bai taɓa shiga ba.

Ana tsakar aikin dam ɗin Bakolori ya naushi bango ya karya yatsu, aka kai shi asibitin ma'aikata. Likita ya ce a ƙwaƙwalwar kowa akwai wani ruwa da ke riƙe mutum idan ransa ya ɓaci, kuma da alama nasa ya yi ƙaranci. Ya ce in ya ji abin ya taso, ya zauna a kan hannuwansa har ya wuce. Barau ya dawo yana washe baki, wai ashe ciwo ne, ba rashin tarbiyya ba. Na ce duka biyun ne.

Sarkin Fawa Nasidi, shugaban mahauta, ba ruwansa da ƙwaƙwalwa. "Ka ƙara bugun wani, ka aje wuƙa, ka bar kasuwa." Barau bai iya komai ba sai fawa, ga 'ya'ya. Sai ka gan shi ana cikin ciniki ya yar da wuƙa, ya zauna daɓas a kan hannuwa yana huci kamar bijimi, mai saye na tsaye yana jira.

Rannan katafilar masu aikin dam ta zo baje gonaki, har da ta Nasidi, gero na tsaye a ciki. Nasidi ya kira shi.

"Yau na kwance ka. Tafi ka gwada wa direban can halinka."

Rabin kasuwa ta bi shi, ni ma na bar fura na bi. Barau ya isa gaban katafila yana naɗe hannun riga. Direban ya leƙo ya yi sallama. Barau ya amsa. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, suka gaisa har da mutanen gida. Muna gani yana laluben fushin a cikinsa, babu ko ɗigo. Direban ya miƙo goro, ya karɓa, har da godiya.

Ya juyo yana tauna. Nasidi ya dungure masa goshi da yatsa.

"Ragon banza! Mi ka yi ke nan?"

Ƙarar marin nan sai da 'yan garin Morai suka ce sun ji. Hular Sarkin Fawa ta faɗa kwalbati.

"Ai kai ka kwance ni," in ji Barau, yana kallon tafinsa.

"Ba a kaina ba, ɗan nema!"

A ranar aka karɓe wuƙar, ba a kuma mayar masa ba. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne yana dakon albasa da jaki, shi kuwa jakin aƙalla yana ramawa.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na kai masa fura a rufe, saboda ƙuda. Ya sha kaɗan ya ce, "Inno, kina ganin can za a duba mani zancen ruwan nan?"

Na ce, "Wannan ban sani ba. Amma in Munkar da Nakir suka fara tambaya, don Allah ka zauna a kan hannuwanka."